Mashayar Wucin-Gadi ta Lokacin Kirsimeti a Ingila da Amurka: Asalinta da Sauye-Sauyenta

Gabatarwa

Duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikin manyan biranen Amurka tsakanin ƙarshen watan Nuwamba da ƙarshen Disamba, da wuya ya bar garin bai ci karo da wani irin wurin shaƙatawa ba, wanda babu shi a watan Oktoba, kuma ba za a tarar da shi a tsakiyar Janairu ba. Mashaya ce, wato gidan sayar da barasa, amma an lulluɓe ta tun daga rufi har ƙasa da kayan adon Kirsimeti: ƙananan fitilu masu launi iri-iri, da takardun naɗe kyauta da aka manna a bango, da safuna a rataye, da mutum-mutumin Baba Kirsimeti a kowane lungu. Waƙoƙin bikin suna tashi ba ƙaƙƙautawa. Jama'a kan yi layi a waje cikin sanyi, wasu kuma sun kama wurin zama tun makonni kafin ranar. Idan an shiga, sai a kawo abin sha a cikin kofi mai siffar kan Baba Kirsimeti ko wata dabba, a ɗauki hoto, a sha, a tashi a ba wasu wuri.

Masu wannan sana'a suna ƙirga farkonta daga shekarar 2014. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shekarar 2014 farkon kasuwancin ce kawai, al'adar kuwa ta girme ta da ƙarnoni. Shan barasa a bainar jama'a shi ne tsohon Kirsimetin talakawan Ingila, wanda aka yi ta yaƙa har aka kora shi, aka maye gurbinsa da bikin cikin gida na iyali da yara. Abin da ya dawo a zamaninmu shi ne wancan tsohon, sai dai ya dawo sanye da rigar wanda ya kore shi, kuma ya bar wani muhimmin abu a hanya.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita kalmomi biyu. Turawa suna kiran irin wannan wuri da sunan da ke nufin abin da ya ɓullo kwatsam. A nan za a kira shi mashayar wucin-gadi. Abin da ake sha kuwa shi ne koktel, wato barasar da aka gauraya da wasu kayan ɗanɗano. Ma'anar kalmar a zahiri ita ce wutsiyar zakara, kuma masana ba su haɗu a kan dalilin wannan suna ba. Abin da aka tabbatar shi ne, a watan Mayu na 1806 wata jarida ta garin Hudson a jihar Niyok ta bayyana wa masu karatunta cewa koktel haɗi ne na barasa mai ƙarfi da sukari da ruwa da ɗan magani mai ɗaci.

Ƙwaryar gaisuwa

A Ingila ta zamanin da, watan Disamba shi ne lokacin da manomi ke da hutu da ƙoshi a lokaci guda. An gama girbi, an yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa cikin hunturu ba, giyar da aka dafa ta nuna. Kwanaki goma sha biyu na bikin, daga 25 ga Disamba zuwa farkon Janairu, kwanakin ci da sha ne da sakin fuska tsakanin manya da ƙanana.

Al'adar da ta fi bayyana wannan ita ce wadda ake kira wassail. Asalin kalmar gaisuwa ce da ke nufin "ka kasance cikin lafiya", wadda mai miƙa ƙoƙon sha ke faɗa wa wanda ya miƙa wa. Tun wajen shekarar 1136 Geoffrey na Monmouth ya kawo ta a cikin littafinsa na tarihin sarakunan Birtaniya, a labarin wata gimbiya da ta gai da Sarki Vortigern da ita. Labarin ya fi kusa da tatsuniya, amma ya isa shaida cewa gaisuwar sananniya ce a zamanin marubucin. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta tashi daga gaisuwa ta koma sunan abin shan kansa, wato giya mai ɗumi da aka zuba wa gasasshen tuffa da citta da gyaɗar ƙamshi, sa'an nan ta zama sunan yawon da ake yi da shi. Ma'ana uku ke nan a kan kalma ɗaya, kowace ta haifi ta bayanta.

Yawon shi ne abin lura. Talakawa da barori da samari sukan bi gidajen masu hali, su yi waƙa a bakin ƙofa, su yi wa mai gida fatan alheri, shi kuma ya buɗe musu, ya ba su abinci da abin sha ko kuɗi. Mai karatu zai iya tuna tashen da yara ke yi cikin watan azumi, kuma ta fuskar bin gida-gida da waƙa da karɓar kyauta akwai kama. Amma a nan kamar ta tsaya, domin masu wassail manya ne, sau da yawa a buge suke, kuma ba roƙo suke ganin suna yi ba. Hakki suke karɓa. Mai gidan da ya mori guminsu shekara guda, dole ya buɗe ƙofarsa a waɗannan kwanaki, in kuwa ya ƙi, akwai abin da zai biyo baya.

Masanin tarihi Stephen Nissenbaum, a littafinsa The Battle for Christmas na 1996, ya tono wata shari'a da ke nuna abin da kan biyo baya. A daren Kirsimeti na 1679, a yankin Salem ta Massachusetts, inda Ingilawa 'yan ci-rani suka kafa mazauni a Amurka, samari huɗu suka shiga gidan wani dattijo mai suna John Rowden, wanda aka sani da yin giya daga 'ya'yan itatuwan lambunsa. Suka zauna a bakin murhu, suka yi waƙa, suka nemi a ba su giyar. Dattijo ya hana. Da suka fita sai suka yi ta jifan gidan da duwatsu da ƙasusuwa. Ba ɓarayi ba ne, a nasu ganin. Sun biya da waƙa, an hana su abin da al'ada ta ba su.

Wannan hargitsi yana daga cikin dalilan da suka sa 'yan ɗariƙar Furitan, masu neman tsarkake addinin Kirista daga abin da suke ganin bidi'a ne, suka tsani bikin. Hujjarsu ta farko ita ce Littafi Mai Tsarki bai ambaci ranar 25 ga Disamba ba. Ta biyu ita ce maye da caca da ake yi da sunan ranar. A 1647 Majalisar Ingila, wadda ke hannunsu a lokacin, ta soke bikin, abin da ya jawo tarzoma a Canterbury a watan Disamba na wannan shekarar. Ba a maido da shi ba sai da sarauta ta dawo a 1660. A Massachusetts kuwa, dokar 1659 ta sa tarar sule biyar a kan duk wanda aka kama yana bikin, kuma ta yi aiki har 1681. Wato samarin da suka jefi gidan Rowden sun yi haka ne alhali bikin kansa haramtacce ne a ƙasar.

Rumfuna a kan ƙanƙara

Idan ana neman kakan mashayar wucin-gadi ta fuskar siffa, a kogin Thames na birnin Landan za a same shi. A waɗancan ƙarnoni hunturun Turai ya fi na yanzu tsanani, kuma tsohuwar gadar Landan tana da ginshiƙai masu yawa kusa da juna, waɗanda ke rage gudun ruwa. Saboda haka a wasu shekaru kogin yakan daskare har ya ɗauki mutum da doki da keken doki. Da zarar haka ta faru, sai kasuwa ta ci a kansa.

Mafi shahara ita ce ta hunturun 1683 zuwa 1684, lokacin da kogin ya yi kimanin wata biyu a daskare. John Evelyn, wanda ya bar littafin abubuwan da ya gani a rayuwarsa, ya bayyana rumfunan da aka jera kamar titunan gari, ana sayar da kaya da abinci da abin sha. Sarki Charles na Biyu da kansa ya je kallo. Akwai abu biyu a wannan kasuwa da suka cancanci a tsaya a kansu.

Na farko shi ne waɗanda suka fi cin moriyarta. Masu kwale-kwalen fito, waɗanda daskarewar ruwa ta raba da sana'arsu, su ne suka juya asara ta zama riba: da itacen tuƙi da tantin jirgi aka kafa rumfuna da dama, kuma sukan karɓi kuɗi a hannun mai son hawa kan ƙanƙarar. Wuri ne da ba na kowa ba, ba a biyan haya, kuma kowa ya san ba zai daɗe ba. Wannan sanin shi ne ke kawo jama'a.

Na biyu shi ne wani mai ɗab'i da ya kafa injinsa a kan ƙanƙarar, yana buga wa mutane sunansu a 'yar takarda tare da shaidar cewa a kan kogin aka buga. Evelyn ya ce sisi ne kuɗin suna ɗaya, kuma an ƙiyasta mutumin yana samun fam biyar a rana. Fam ɗaya sisi arba'in ne, ke nan mutum ɗari biyu a kowace rana suna biyan kuɗi don su sami shaidar cewa sun je. Wanda ya ga yadda masu ziyarar mashayar Kirsimeti ta yau ke ɗaukar hoton kofi kafin su kai shi baki, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kasuwar ƙarshe ta ci a farkon Fabrairu na 1814, ta yi kwana huɗu, har aka ratsa da giwa a kan ƙanƙarar kusa da gadar Blackfriars. Bayan an rushe tsohuwar gadar a farkon shekarun 1830, ruwa ya sami hanya, kogin bai sake daskarewa haka a tsakiyar birnin ba. Lalle waɗannan kasuwanni na hunturu ne, ba na Kirsimeti kai tsaye ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Waɗanda suka haɗa rumfar wucin-gadi da bikin kansa su ne Jamusawa, da kasuwanninsu na Disamba. Ta Dresden ta faro a 1434 a matsayin kasuwar nama ta yini ɗaya. A irin waɗannan kasuwanni ne ake sayar da giyar inabi mai zafi da kirfa da kanumfari, a cikin kofin da mai saye ke ba da jingina a kansa, in ya so ya bar jinginar ya tafi da kofin. Birnin Chicago ya kwaikwayi kasuwar Nuremberg tun daga 1996.

Yadda aka shigar da bikin cikin gida

A farkon ƙarni na 19 tsohon Kirsimeti yana nan da ransa a Amurka. A daren 24 ga Disamba 1826, ɗaliban makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, inda shugaban makarantar Sylvanus Thayer ya hana barasa, suka yi fasa-ƙwaurin wuski don haɗa abin shan bikin da ake yi da ƙwai da madara da sukari. Kafin gari ya waye an farfasa tagogi, an karya kayan ɗaki, har an harba bindiga. Kimanin ɗalibai ashirin aka gurfanar a kotun soja. Jefferson Davis, wanda daga baya ya shugabanci jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa, yana cikin waɗanda aka kama da wuri a daren, abin da ya tsirar da shi daga shari'ar.

A birnin Niyok lamarin ya fi haka damun masu hali. Birni ya girma, ma'aikaci bai san mai gidansa ba balle ya yi masa waƙa a ƙofa, kuma gungun matasan da ke yawo da gwangwanaye da ƙahoni a daren biki baƙin fuska ne. Hujjar Nissenbaum, wadda nake ganin tana da ƙarfi, ita ce wasu attajirai da marubutan birnin sun ƙirƙiro wa bikin sabuwar fuska suka kuma kira ta tsohuwa. Washington Irving, a rubuce-rubucensa na 1819 zuwa 1820, ya zana Kirsimetin wani gidan sarauta na ƙauyen Ingila inda talaka ke zuwa da ladabi ya koma da godiya. A ranar 23 ga Disamba 1823 wata jarida ta garin Troy ta buga waƙar nan ta ziyarar Waliyyi Nicholas, wadda ake dangantawa da Clement Clarke Moore, mai filaye a Niyok. A cikinta ma baƙo ne ke shigowa gida da tsakar dare, amma maimakon ya nemi a ba shi, shi ne ke bayarwa, kuma yara yake ba. Da haka kyautar da a da ke fita daga mai gida zuwa talakan waje ta koma tana sauka daga uba zuwa ɗansa, ƙofa kuma a rufe.

Sauran kayan suka biyo baya da sauri. Charles Dickens ya fitar da A Christmas Carol a 1843. A 1848 wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta da 'ya'yansu kewaye da itacen Kirsimeti, al'adar da ta fito daga Jamus. Amurka ta mai da ranar hutun gwamnatin tarayya a 1870, kuma a 1882 wani abokin aikin Thomas Edison, Edward Johnson, ya rataya fitilun lantarki a itacen gidansa a Niyok.

Duk da haka mashaya ba ta saki nata rabon ba. A ƙarni na 19, idan sanyi ya shigo, mashayun Amurka sukan ajiye babbar tasa a kan teburin sayarwa, cike da kaɗaɗɗen ƙwai da sukari, wanda ake ɗiba a zuba wa barasa da ruwan zafi. Sunan wannan abin sha Tom and Jerry. Ba shi da alaƙa da kyanwa da ɓeran majigin yara, waɗanda sai a 1940 suka fito. Sunan ya samo asali ne daga taurarin littafin Pierce Egan, Life in London, na 1821. Jerry Thomas, wanda ya wallafa littafin farko na haɗa koktel a Amurka a 1862, ya riƙa da'awar shi ya ƙago shi, ko da yake an ambaci abin shan a rubuce tun kafin a haife shi. Abin da ya shafe mu shi ne, abin sha ne na lokaci, mai tasarsa da kofunansa na musamman da aka rubuta wa sunan, waɗanda ake fitowa da su a hunturu a mai da su ma'aji idan ya wuce. Dokar hana barasa ta 1920 zuwa 1933 ta rufe mashayu, tasar ta koma gidaje, ta fi daɗewa a jihohi masu sanyi irin su Wisconsin da Minnesota.

Shekarar 2014

A ƙarshen ƙarni na 20 sana'ar haɗa koktel ta farfaɗo a Niyok, amma da fuskar shanu. Milk & Honey, wadda Sasha Petraske ya buɗe a ranar ƙarshe ta 1999, ba ta da allon suna a ƙofa, tana kuma da dokokin da suka hana hayaniya. Mashayun da suka bi sawunta wurare ne masu duhu da natsuwa, inda mai haɗawa ke auna komai kamar mai haɗa magani. Greg Boehm ɗan wannan da'ira ne. Ya tara tsofaffin littattafan sana'ar, ya sake buga wasu, ya kuma kafa kamfanin Cocktail Kingdom mai sayar da kayan aikin mashaya.

A ƙarshen 2014 yana cikin gyaran wani shago a titi na tara na unguwar East Village, wanda zai zama mashaya mai suna Mace, aiki kuwa bai ƙare ba. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, mahaifiyarsa ce ta ba shi shawarar ya dakatar da aikin, ya yi wa wurin adon Kirsimeti, ya buɗe na 'yan makonni. Aka sa masa suna Miracle on Ninth Street, don kwaikwayon sunan wani sanannen fim na 1947. Jama'a suka yi layi. Halin da ya shiga bai yi nisa da na masu kwale-kwalen Thames ba: wuri ne da ba ya kawo komai a lokacin, aka mai da gajartar kwanansa abin talla.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba wannan da duk abin da ya gabata. Boehm ya mai da dabarar hajar da ake ba wasu lasisinta. Mai mashaya a wani gari yakan karɓi sunan Miracle da jerin abin sha da kofuna, ya sauya wa wurinsa kama na kimanin wata guda. A 2016 abin ya tsallaka zuwa Kanada da Faransa da Girka, kafin 2020 kuma wuraren sun haura ɗari. An ƙara da wani reshe mai suna Sippin' Santa, wanda ya haɗa Kirsimeti da adon tsibiran tekun Fasifik, salon da mashayun California suka ƙirƙiro a shekarun 1930. Masu kwaikwayo da ba su da alaƙa da kamfanin kuwa sun fi ƙarfin ƙirge. Ba a rasa dalili ba: Instagram ya fito a 2010, kuma ɗakin da aka cika da fitilu da kofi mai ban dariya abu ne da masu ziyara ke tallatawa da kansu ba a biya su ba. Hatta sunayen abin shan wasan kalmomi ne, kamar Christmapolitan, wanda aka ƙera daga sunan bikin da na wani sanannen koktel.

Idan aka dubi adon da kyau, ba na tsohuwar mashaya ba ne, ba kuma na rumfar kan ƙanƙara ba. Na falon gidan iyali ne na Amurka a tsakiyar ƙarni na 20: safar yara, da takardar naɗe kyauta, da itace mai fitilu, da Baba Kirsimeti mai jar riga kamar yadda Haddon Sundblom ya riƙa zana shi a tallan Coca-Cola tun daga 1931. Wato kayan da aka yi amfani da su wajen raba bikin da titi da barasa, su aka kwaso aka ƙawata gidan barasa da su. Masu zuwa kuwa akasari matasan ma'aikata ne da ke zaune a birni nesa da iyayensu, a ɗakunan haya da ba su da filin ajiye itace. A ganina abin da suke saye ya fi kusa da awa ɗaya ko biyu a cikin falon ƙuruciyarsu, an zuzuta shi har ya zama abin dariya, don kada wani ya ce kewar gida ce ta kawo su.

Abin da bai dawo ba shi ne hakkin nan na mai waƙa a bakin ƙofa. A wassail mai hali ne ke zubawa, marar hali ya sha, kuma al'ada ce ta tilasta. A mashayar wucin-gadi kowa shi ke biya wa kansa, a farashin da ya fi na sauran watanni ko ya yi daidai da na manyan mashayu, kuma a wurare da yawa ana ƙayyade wa mai tebur lokacin da zai tashi. Wanda aka bari a waje cikin sanyi yana jiran layi ne ya zo kansa. Waɗanda ke tsaye suna zubawa har tsakar dare ma'aikata ne, kuma Disamba, watan da kakanninsu na sana'ar ƙwadago ke hutawa a yi musu hidima, shi ne watan da aiki ya fi yi musu yawa. Kofunan ma ba kyauta ba ne. Saboda yawan waɗanda ke sulalewa da su cikin aljihun kwat, ana jera sababbi a cikin kwali kusa da wurin biyan kuɗi, ga duk mai son ya saya ya kai gida.